Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Gobarar Daji Ta Fi Yawa?

Wata mai sauraronmu daga unguwar Karewa a Jimeta tana tambaya: yaushe gobarar daji ta fi tashi a Adamawa?

To Malama, mun gode. A Turai da Amurka galibi wajen watan Yuni ake fara fargaba, amma a nan a wannan lokacin damina ta sauka, ciyawa ta yi kore. Gobarar dajinmu ta hunturu ce da bazara, daga Disamba zuwa Maris: ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Galibi kuma mutane ne ke cinna ta, mafarauta masu neman gafiya, da manoma masu sharar gona.

Ki share ciyawar da ke kewayen gida, Malama. In wuta ta tashi, a kira 'yan kwana-kwana ta lamba 112 nan take.