Jirgin da aka rubuta wa Benis ba lallai a Benis zai tsaya ba

Iyali ne na mutum biyar: magidanci, matarsa, 'ya'ya biyu, da mahaifiyarsa wadda ta manyanta, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Sun sayi tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa na mako guda ta hannun wani mai kiran kansa ejan, wanda ofishinsa bai wuce lambar WhatsApp ba. A jadawalin tafiyar an rubuta Benis da manyan baƙaƙe, sai a gefe cikin baka biyu aka saka Ravenna da ƙanana. Ejan bai ce musu uffan kan abin da ke cikin bakan ba, kuma ina zaton shi kansa bai san ma'anarsa ba. Abin da ya nanata musu kawai shi ne kada su kuskura su sayi rangadin da jirgi ke sayarwa, wai cuta ce, su sauka su yi yawonsu da kansu, ai garin ƙarami ne. Takardunsu ba su iso ofishinmu ba sai da mai afkuwa ta afku, ana neman wanda zai rubuta wa kamfanin inshora.

Ga yadda yinin ya kasance. Jirgi ya tsaya da safe a Porto Corsini, tashar jiragen ruwan Ravenna a Italiya, kilomita sama da ɗari daga Benis. Suka ɗauki tasi zuwa tashar jirgin ƙasa, suka shiga jirgin da sai an yi canji a Ferrara, tafiyar kusan awa uku. Ba su taka tashar Santa Lucia ta Benis ba sai wajen azahar. Suka bi layin vaporetto, jirgin ruwan haya na birnin, suka isa dandalin San Marko, aka ɗauki hotuna. Nan wani mutum mai tsaf-tsaf ya tare su da fara'a, ya ce akwai jirgi kyauta zuwa tsibirin Murano, su je su ga yadda ake hura gilas. Kyautar ta zuwa ce kaɗai, bai ce musu komai kan dawowa ba. Aka nuna musu hurawar ta 'yan mintoci, sannan aka zaunar da su a ɗakin sayar da kaya fiye da awa guda. Da suka fito babu jirgin da ya kawo su. Akwai vaporetto mai zuwa tashar jirgin ƙasa kai tsaye daga Murano, amma ba su san shi ba, suka faɗa wanda ya fara zuwa, ya sauke su a Fondamente Nove, nesa da tashar. Daga nan sai ƙafa, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, gada bayan gada, kowace da matakala. Jirgin ƙasan da suka sa wa rai ya wuce. Magidancin ya ɗauki shatar mota daga Piazzale Roma, bakin birnin inda motoci ke tsayawa, da kuɗin da ya ninka na rangadin da ya ƙi saya, suka isa Porto Corsini suka tarar da wakilin kamfani riƙe da ambulan mai ɗauke da fasfo biyar. Kaya na cikin jirgi, maganin Hajiya ma yana ciki, kuma kantin magani a Italiya ba ya ba ka maganin hawan jini don kawai ka faɗi sunansa, sai da takardar likita. Kwana biyu suka yi tsakanin otal da asibiti da filin jirgin sama kafin su cim ma jirginsu a wata tashar. Inshora ta ƙi biya, kuma bisa takardar da suka sa wa hannu tana da gaskiya, domin babu haɗari, babu yajin aiki, babu rashin lafiyar da ta jawo lattin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne duk wanda ke wannan sana'a da gaske ya san tushen matsalar tun shekarun baya. A watan Yunin 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace ya daki bakin tasha da wani ƙaramin jirgin yawon kogi a mashigin Giudecca, a cikin birnin. Daga 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000, ko tsawon mita 180, bi ta gaban San Marko da mashigin Giudecca. Kusan duk jirgin yawon da mutanenmu ke shiga ya wuce wannan girman nesa ba kusa ba. Saboda haka manyan jirage suka watsu, wasu Marghera, tashar masana'antu da ke bakin gaɓa daura da birnin, wasu Fusina ko Chioggia, wasu kuma Ravenna ko Trieste, inda tafiyar mota ko jirgin ƙasa ke cin awa biyu zuwa uku a zuwa, haka a dawowa. Kamfanoni ba su daina rubuta Benis a talla ba, tunda sunan ne ke sayar da tikiti. Ejan da bai iya gaya maka sunan tashar da jirgi zai tsaya ba bai cancanci ka ba shi ko kwabo ba.

Mutane kan tambaya, in tafi da kaina ko in bi rangadi, sai su yanke hukunci da farashi. Farashi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Abin da ke yanke hukunci shi ne nisan tasha da lokacin da aka ce kowa ya koma cikin jirgi. Idan ka sayi rangadin jirgi kuma motarku ta makara a hanya, jirgi zai jira, in kuma jiran ya gagara kamfani ne zai kai ka tasha ta gaba da kuɗinsa. Idan da kanka ka fita, ba mai jiranka. Jirgin nan ba motar tasha ba ce da direba zai dakata don fasinja ya tafi sayen tsire. Yana da lokacin barin matsaya, yana da matuƙin tasha da aka tanadar masa, yana da dubban fasinjoji da tasha ta gaba. Za a kira sunanka a lasifika, a buɗe akwatin ɗakinka a fitar da fasfo, a miƙa wa wakili, a kwance igiya.

Za a ce rangadin jirgi tsada gare shi kuma ba a ganin komai, ana kora mutane daga San Marko zuwa Fadar Doge zuwa wani kantin gilas da mai rakiya ke da kamasho a ciki. Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Benis gari ne da daɗinsa ke lungu, a kasuwar kifi ta Rialto da safe, a unguwar Cannaregio inda har yanzu ake shanya wanki tsakanin gidaje, kuma ayari ba ya kai ka waɗannan wurare. Ko da yake tun Agustan 2024 birnin ya ƙayyade ayarin masu yawon buɗe ido kada ya wuce mutum 25, ya kuma hana lasifika, gaggawar tana nan yadda take. Amma wanda jirginsa ke Ravenna ko Trieste, abin da yake saya a rangadin shi ne komawa cikin jirgi, bayanin tarihin gyara ne. Kamfanoni da yawa ma suna sayar da kai-da-dawowa zalla, a sauke ka a birni a ba ka awoyinka, a ce ka dawo wuri kaza ƙarfe kaza. Wannan ya ishi mai son yawo shi kaɗai. Wanda jirginsa ke Marghera kuwa, lafiyayye, mai iya duba agogo, ban ga dalilin hana shi fita da kansa ba, illa ya sani ba a fita daga wannan tashar da ƙafa, sai da motar ko jirgin da kamfani ya tanada, kuma lokacin tashin na ƙarshe shi ne lokacinsa na gaskiya.

Za a kuma ce ai akwai taswira a waya, kuma garin ƙarami ne. Ƙarami ne a takarda. Tsibirai ne sama da ɗari da gadoji kusan ɗari huɗu suka haɗa, babu mota, babu babur, babu keke. Lungunan matsattsu ne, gidaje dogaye, waya kan ruɗe ta nuna ka a wancan gefen ruwa. Lambobin gidaje ma ba bisa titi suke ba, bisa unguwa suke, unguwa shida, lamba na kaiwa dubbai. Allunan rawaya da ke jikin bango masu nuna Rialto, San Marco, Ferrovia da Piazzale Roma sun fi wayar amfani. Vaporetto mai lamba 1 yana cin kusan minti arba'in da biyar daga tashar jirgin ƙasa zuwa San Marko, kuma da yamma, lokacin da kowa ke son fita, yana iya zuwa a cike ya bar ka a tsaye. Daga kaka zuwa hunturu ga ambaliyar teku. A 12 ga Nuwamban 2019 ruwa ya kai santimita 187. Shingen tare ruwa na MOSE da ya fara aiki a Oktoban 2020 yana tare manyan, amma dandalin San Marko shi ne mafi ƙasa a birnin, yana jiƙewa tun kafin a ɗaga shingen. Yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ma ba baƙon abu ba ne a Italiya, kuma ana sanar da shi tun da wuri, ejan na kirki zai duba. Mai tsoho ko mai keken guragu ya ninka duk lissafin da ya yi.

Sai kuɗi, inda 'yan kamasho ke cin mutanenmu. Tikitin vaporetto ɗaya yuro 9.50 ne na minti 75, na yini yuro 25, kuma dole a taɓa shi a na'ura kafin shiga, in ba haka ba tara ce ko da tikitin na hannunka. Gondola farashinta a ƙayyade yake, yuro 90 na rabin awa da rana, na kwale-kwalen ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba, a tabbatar kafin a taka. Tun 25 ga Afrilun 2024 birnin ya fara karɓar kuɗin shiga daga masu yini su fita a wasu ranakun cunkoso, yuro 5 a farko, a 2025 ya zama 10 ga wanda bai biya da wuri ba, tarar kuwa daga yuro 50 zuwa 300. Ranakun suna canzawa kowace shekara, a duba. Kada a zauna kan matakalar gada ana cin abinci, kada a ba tattabaru hatsi, duk tara ce. Jakar jabu da ake shimfiɗawa a ƙasa, mai saye ma ana cin tararsa. Jirgin kyauta zuwa Murano, na sake faɗa, ba na mai yini ɗaya ba ne. Biza kuma ta zama mai ba da damar shiga sau da yawa idan jirgin zai taɓa Turkiyya ko wata ƙasar da ba ta cikin Shengen.

A nemi sunan tasha a rubuce kafin a biya. Idan Ravenna ce ko Trieste, a bi motar jirgi ko a haƙura da Benis. A bi agogon jirgi, ba na waya ba, domin idan jirgin zai taɓa Girka, tana gaban Italiya da awa guda kuma waya kan canza da kanta. A sa ran komawa awa biyu kafin lokaci. Magani, fasfo ko kwafinsa, da lambar wakilin tasha da ke jikin takardar jirgi ta ranar, su kasance a aljihu, ba a ɗaki ba.

Haƙura da Benis a irin wannan rana ma ba asara ba ce kamar yadda ake tsammani. Ravenna ta taɓa zama babban birnin Daular Rum ta Yamma, gine-ginenta takwas na cikin jerin UNESCO tun 1996 saboda zanen ƙananan duwatsu masu launi na ƙarni na biyar da na shida, kuma kabarin marubuci Dante yana nan. Garin shimfiɗaɗɗe ne, tsoho zai iya zaga shi a hankali, kuma daga tsakiyarsa zuwa Porto Corsini bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. Wanda Benis ce muradinsa, ya ƙara kwana biyu kafin tafiyar jirgin ko bayanta, ya kwana a Mestre da ke kusa ko cikin birnin, ya shiga da sassafe kafin ayari su iso.