Dasa Ƙananan Itatuwa Masu 'Ya'ya Domin Jawo Tsuntsaye Gida

Mai son tsuntsaye su riƙa sauka a lambun gidansa zai fi cin nasara idan ya dasa ƙananan itatuwa masu 'ya'ya, wato waɗanda ba sa yin tsawo sosai kuma rassansu ke fitowa tun daga ƙasa, domin suna haɗa wa tsuntsu abinci da mafaka a wuri guda. A ƙasar Hausa magarya ce ta fi cancanta, saboda tana jure fari, 'ya'yanta kuma suna nuna da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe abinci ya yi ƙaranci. Ƙayarta ma tana hana kyanwa kaiwa ga sheƙa. Ƙwallonta yana da tauri ƙwarai, saboda haka akan fasa shi a hankali a fitar da ƙwayar ciki, a raine ta a leda, sannan a dasa a farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, a kewaye dashen don kada awaki su cinye shi. Tsada da gwandar daji su ma suna amfani, kuma idan akwai fili, ɓaure yana jawo cilakowa da tsirya.

Feshin maganin ƙwari kuwa ya kamata a guje masa, domin yawancin tsuntsaye, har da masu cin 'ya'yan itace, da ƙwari suke ciyar da 'yan tsakinsu. Kaskon ruwa marar zurfi, wanda ake ajiyewa a inuwa ana sauya ruwansa kullum, wajibi ne a watannin bazara.