Wankin Sabuwar Mota: Kada A Gyara Fenti A Ɓata Hanya

Dalilin rubuta wannan 'yar takarda shi ne abin da ido yake gani duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni. Hukuma takan tsayar da zirga-zirga da safe domin kowa ya share ƙofar gidansa, ya yashe lambatunsa. Amma wasu magidanta sun mai da lokacin na wankin mota. Sai a fito da ita, a girke ta a tsakiyar kwalta, a saki tiyo. Ana yashe kwata a can, ana cika ta a nan.

Wanda Allah Ya hore wa mota, ko sabuwa dal ko 'yar Kwatano, muna taya shi murna, Allah Ya sa a kashe lafiya. Tsaftace ta kuwa godiya ce ga Wanda Ya bayar. Maganarmu a kan wurin wankin ne da yadda ake yinsa.

Ruwa da kwalta ba sa ga-maciji

Duk wanda ya taɓa zama a soron ƙasa ya san wannan karatun. Kafin damina ta faɗi, maigida yakan hau sama ya duba rufi, ya toshe 'yar tsagar da ko allura da ƙyar za ta shige, ya gyara indararo. Ya san ruwa ba ya neman babbar ƙofa. Yau ɗigo ɗaya, gobe ɗigo biyu, ƙasa ta jiƙa, azara ta fara ruɓa a ɓoye, mutanen ɗaki suna barcinsu ba su sani ba. Ranar da rufin zai rufto, sai a ce ruwan jiya ne ya yi ƙarfi, alhali ɓarnar ta shekara uku tana tafiya.

To, kwalta ma rufi ce. Tsakuwa ce aka dama da baƙin danƙo aka shimfiɗa bisa jar ƙasa da aka daddaɓe. Muddin ƙasar nan tana bushe, hanya za ta ɗauki tirela. Idan ruwa ya kwanta a kai kullum, sai ya bi tsaga ya sauka, ya raba tsakuwa da danƙonta, ya mai da ƙasan taɓo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama yana da watanninsa, ya zo ya wuce. Ruwan wankin mota kuwa ba shi da rani ba shi da damina. Mafi muni shi ne kalanzir da man dizal da ake wanke inji da su, domin suna narkar da kwalta kamar yadda ruwa ke narkar da gishiri.

Yashin da aka wanko kuma ina ya tafi? Lambatu ya shiga, ya haɗu da ledar fiyawata, ya kwanta. Ranar da ruwan Agusta ya sauko bai sami hanya ba, gidan maƙwabci zai nufa, kuma sau da yawa maƙwabcin ko keke ba shi da shi. Abin da ya rage a ramuka ya zama makwancin sauro, wanda ƙwansa ke zama mai cizo cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Daga nan sai zazzaɓi, sai bin layi a asibitin Malam Aminu Kano da yaro a kafaɗa.

Haba Alhaji! Ka kashe miliyoyi a kan mota, ka kasa kai ta gidan wanki mai daɓe da magudana? Kai ne kuma gobe za ka fi kowa ƙorafin ramin ƙofar gidanka, kana cewa gwamnati ba ta aiki. Malamai sun sha karanta mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana daga rassan imani. Wanda ya ɗauke ƙaya yana da lada, to wanda ya haƙa rami fa? Ga kuma almubazzaranci. Tiyo yana malala a banza, 'yan garuwa suna wucewa da kura, wata baiwar Allah tana lissafin jarkar da za ta iya saye ta yi girki. Ko a alwala an hana mu ɓarnar ruwa, balle a kan ƙarfe. Da duba-gari na da za su dawo, da wasu sun sha tara. Masu unguwanni da limamai su taimaka da tunatarwa, kuma wanda aka yi wa magana kada ya ce an shiga sabgarsa, domin hanya ba ta gadon kowa ba ce.

Motar ma ba ta tsira ba

Ka tsaya ka kalli yaron da ke wanki a bakin titi. Tsummansa ya faɗi ƙasa, ya ɗauka, ya karkaɗe sau ɗaya, ya ci gaba da goga bonet. Yashin da ya maƙale a tsumman nan shi ne yake zana fentin. Da rana ta take sai ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, musamman a baƙar mota. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Tukunya ake dirza da toka da yashi, amma ba a kusantar kwanon jeren amarya da su, sai lallausan ƙyalle, a hankali, kamar ana shafa kan jariri. Fatar ƙyallin da ke saman fenti da ƙyar ta kai kaurin gashin kai, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa.

Saboda haka, in a gida za a yi, a yi a cikin gida, inda ruwa zai nutse a ƙasa ko ya shiga shuka. A nemi inuwa, da safe ko da yamma, jikin mota ya huce. Kada a goge ƙurar hunturu a bushe, a fara kwara ruwa ya tafi da ita. A aje bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma. A sayi sabulun mota, a bar omo ga tufafi, domin yana cinye man ƙyalli. A fara daga sama a gangaro. A tsane da tawul mai laushi, don ruwan burtsatse yakan bar farin tabo. Kashin tsuntsu, a jiƙa shi ya yi laushi tukuna, ba a kankare da farce ba.

Taya da rim su sami nasu bokitin da nasu soson, saboda ƙurar birki tana ɗauke da garin ƙarfe. Kada a watsa ruwan sanyi a kan birki mai zafi, yana iya lanƙwasa faifan. Soson ƙarfe da ruwan batir haram ne ga rim. Ba a fesa ruwa mai ƙarfi a wayoyin inji. In an gama, a ɗan tattaka birki a hankali kafin a hau Titin Zariya.

Asabar mai zuwa ta tsafta, a bar motar a ciki, a fito da shebur da tsintsiya. Mota za ta iya jira har yamma. Allah Ya tsare mana abin hawanmu, Ya kuma tsare maƙwabtanmu daga sakacinmu.