Zuwa ga Matasan da Suka Ce Sun Daina Jin Allah

'Ya'yana,

 

Wani saurayi ne ya sa na ɗauki biro. Bayan an tashi daga sujadar Lahadi ya tare ni a gindin darbejiya, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata, ya ce, "Baba, ni fa Allah ya rabu da ni. Da, in ana waƙa sai tsikar jikina ta tashi, hawaye su zubo. Yanzu ko na durƙusa, ji nake da rufin ɗaki nake magana." Na san ba shi kaɗai ba ne. Shi dai ya fi ku ƙarfin halin faɗa.

Ku yi mini haƙuri in faɗa muku gaskiya: kun ɗauki mudun da ba na awon wannan hatsi ba ne. Tashin tsikar jiki abu ne mai daɗi, ban kuma raina shi ba, ni ma na taka rawa a taron farkaswa har na yar da hula. Amma in mai jita ya san hannunsa, ko a gidan biki tsikar jiki tana tashi. Ranar da janareta ya ƙi tashi, lasifika ta yi shiru, shin Allah ya fita daga majami'ar ke nan?

Ku koma ga labarin annabi Iliya, ku karanta shi a tsanake. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko a idon jama'a. Wa ya taɓa ganin farkaswa irin wannan? Amma saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya ranta a na kare, ya shiga jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Abin da ke burge ni shi ne yadda Allah ya bi da shi. Bai yi masa wa'azi ba, bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa aka ajiye masa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40, a Dutsen Horeb, aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Can cikin tsit ya same shi. Da ya same shi ma, aiki ya ba shi: ya koma inda ya fito, ya shafa wa Elisha mai, ya kuma sani akwai mutum 7,000 da ba su rusuna wa Ba'al ba. Wato kai Iliya, daina cewa kai kaɗai ka rage.

Akwai shekarar da maiɗakina ta yi wata uku a gadon asibiti. A lokacin ina dattijon ikilisiya, ni ke jagorantar addu'ar Laraba, amma ko a kaina aka ɗora Littafi Mai Tsarki ba na jin komai. Ina buɗe baki kalmomi su fito a bushe kamar kara. Ta rasu ana tsakiyar damina. Sai da aka yi kusan shekara, wata rana ina zaune ina lissafin bashin da ke kaina, na shiga tuna abubuwa. Matan zumunta sun raba kwanaki a tsakaninsu, ba ranar da yarana suka kwana da yunwa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa takan zo ta shimfiɗa tabarma a bakin gadon, ta yi awa biyu ba ta ce uffan ba, ta tashi ta tafi. Maƙwabcina, Musulmi, ya kai 'ya'yansa suka nome mini gona, bai ko faɗa mini ba, sai gani na yi. Ina ta ɗaga ido sama ina jiran alama, ashe ta ƙofar gida ake shigo mini da ita a kwanon sha.

Haka ya faru da mutum biyun nan na hanyar Imuwasu. Sun yi tafiyar wajen kilomita 11 tare da Yesu, suna ba shi labarin mutuwarsa, ba su gane shi ba. Sai da ya gutsuttsura gurasa idonsu ya buɗe, a nan take kuma ya ɓace musu. Yawancin sanin da na yi wa Allah irin wannan ne, sai na waiwaya nake ganin sawunsa.

A Faransa an yi wani mutum da ake kira Ɗan'uwa Lorans, tsohon soja ne da ya samu rauni a yaƙi har ya gurgunce. Ya shiga gidan masu ibada a Paris, aka tura shi madafa, aikin da ba ya so. Shekarunsa goma na farko cikin damuwar rai ya yi su. Abin da ya koya shi ne ya riƙa yi wa Allah gajeriyar magana yana cikin wankin tukwane, ko ya ji daɗi ko bai ji ba, in hankalinsa ya tafi ya dawo da shi ba tare da zagin kansa ba. Ya rasu a 1691, har yau ana karanta wasiƙunsa. Uwa Teresa ta Kolkata kuwa, sai bayan shekara goma da rasuwarta, a 2007, aka buga wasiƙunta, duniya ta ga ta yi kusan shekara 50 tana jin Allah ya yi mata nisa, alhali kullum tana kan titi tana ɗaukar marasa lafiya.

Kada ma mu yi nisa. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar EYN sun fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya, a watan Oktoba kuma Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. Mutane suka watsu, wasu Jos, wasu Yola, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Suka koma gindin itatuwa suna sujada ranar Lahadi. Ba na jin uwar da ba ta san inda 'yarta ta kwana ba tana jiran tashin tsikar jiki kafin ta durƙusa.

Wannan ƙishirwar taku ce wasu suka mayar kasuwa. Duk wanda ya ce zai haɗa ku da Allah ta kwalbar mai ko hankici in kun biya, ku riƙe kuɗinku ku sayi sabulu.

To me za ku yi? Ku tsayar da lokacin addu'a kamar yadda manomi ke zuwa gona ko hadari bai haɗu ba. In ba ku da abin faɗa, ku gaya wa Allah haka, ba zai ji haushi ba. Zabura ta 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, ba a kuma cire ta daga Littafin ba. Wani lokaci ba shirun Allah ba ne, gaba ce kuke yi da wani, ko haƙƙin wani na hannunku, ku je ku gyara. In kuwa abin ya haɗu da rashin barci, ƙin abinci da tunanin mutuwa, ku gaya wa babba a kai ku wurin likita. Ba rashin bangaskiya ba ne. Ku tuna da abinci aka fara yi wa Iliya magani.

Kai kuma ɗana na gindin darbejiya, ran Asabar da safe ka same ni a gida. Akwai wata gwauruwa a bayan kasuwa da ɗakinta ke yoyo, ga damina ta matso. Na samu kwano biyu da ƙusa. Ka zo da guduma, ka kuma taho da abokinka mai tsawon nan, ni gwiwata ba ta hawa tsani yanzu.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Babanku cikin Almasihu