Bayan tiyatar rage ƙiba, sikeli ba ya faɗa maka abin da ka rasa

Tiyatar rage ƙiba ta daina zama labarin ƙasashen Turawa. Mutanenmu na zuwa Masar, Indiya, Turkiyya da Dubai a yi musu, wasu kuma a nan Legas ko Abuja. Ni aikina gashin ƙashi ne, wato fisiyo, kuma waɗanda aka yi wa wannan tiyata kan iso gabana a makare, bayan wata shida ko shekara, da kuka iri ɗaya: "Likita, na rame, kowa na yi mini barka, amma jikina babu ƙwari." In na karɓi takardun sallamarsu sai in ga tsarin abinci shafi guda, jerin bitamin shafi guda. Batun motsa jiki kuwa layi ɗaya ne a can ƙasa: a riƙa tattaki. Shi ke nan.

Iri biyu na tiyatar suka fi yawa. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a cire, a bar siririn bututu. A na biyu ana ware ɗan aljihu a saman tumbin, wanda bai wuce cin babban cokali biyu ko uku ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Ba aikin kwalliya ba ne. Ƙa'idar da aka bi tun 1991 ita ce ma'aunin BMI, wato na nauyi gwargwadon tsawo, ya kai 40, ko 35 in akwai ciwon suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da ita zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon suga. Mace mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110, nata ya ɗan haura 40.

To, wanda ya saba tashi da malmalar tuwo biyu, yau loma kaɗan ta cika masa ciki. Dole jiki ya nemo abin da zai rayu da shi daga cikin kansa. Yakan ci kitse, wanda shi ne abin da ake so, amma ba ya tsayawa nan. Kamar magidancin da fari ya matsa ne: bayan hatsin rumbu, har shanun noma yake kaɗawa kasuwa. Shanun noman jiki su ne tsoka. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2022 ya nuna cewa a shekarar farko mutum kan rasa kimanin kilo 8 na abin da ba kitse ba, kuma fiye da rabin asarar a watanni uku na farko take faruwa. Sikeli ba ruwansa da wannan, shi dai ya ga lamba ta sauka.

Tsoka kuwa ita ce ke kwashe mafi yawan sugan da ya shiga jini bayan an ci abinci, ita ke riƙe gwiwa da ƙugu, ita ke ɗaga mutum daga tabarma. Ƙashi ma na shan nasa. Nauyin da ya saba ɗauka ya ragu farat ɗaya, ga hanjin ba ya tsotsar kalsiyam da bitamin D kamar da, musamman bayan tiyata iri na biyu, sai ƙashin ya riƙa saki a hankali ba tare da mai shi ya ji komai ba.

Ina so in faɗi gaskiya a kan abin da motsa jiki ke yi da wanda ba ya yi, don masu tallar gidajen motsa jiki sun cika alkawari. A Amurka an yi gwaji da mutum 128 da aka yi wa tiyatar, aka wallafa shi a 2015. Rabinsu sun yi motsa jiki na minti 120 a mako har wata shida. Nauyin da suka rage bai fi na sauran ba, amma jikinsu ya fi amsa insulin, zuciya da huhunsu sun fi juriya. A Paris, a 2018, mata da aka sa ɗaga nauyi sau uku a mako tare da ƙarin furotin sun fi sauran ƙarfi a fili, duk da cewa tsokar ba ta daina raguwa ba. A Sao Paulo ta Birazil kuma, a 2019, an ga horo na wata shida ƙarƙashin kulawa ya rage zaizayewar ƙashi ga matan da aka yi wa aikin. Saboda haka wanda ya shigo wurina don sikeli ya ƙara gudu, nakan ce masa tun ranar farko ba wannan nake sayarwa ba. Ƙarfi, ƙashi da suga, su ne hajata.

Me ya sa sai da mai kula? Ai kowa ya iya tafiya. Wannan tambayar ita ce aka fi yi mini, kuma amsarta na cikin yadda jikin ke sauyawa daga mako zuwa mako. Wanda ke shan maganin hawan jini, nauyi na sauka jininsa na sauka, in ba a rage masa magani ba sai ya miƙe jiri ya kwashe shi. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar suga irin glibenclamide, suganshi na iya faɗuwa ana tsakar horo: gumi mai sanyi, rawar hannu, magana ta sarƙe. Ga batun ruwa. Ana so ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, amma tumbin ba ya ɗaukar kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci. Ka ɗauki mutum irin wannan ka sake shi a ranar watan Afrilu ta Kano ko Sakkwato ya yi tattaki da tsakar rana, ai ka san inda za a kwana. Shi ya sa kafin mu fara komai nakan auna jini da bugun zuciya, in tambayi abin da aka ci da lokacin da aka ci, in leƙa ledar magunguna.

Ledar nan tana da muhimmanci. Gwiwar da ta shekara ashirin tana ɗaukar kaya ba za ta yi shiru ba don an fara motsa ta, kuma abin da mutanenmu suka sani shi ne a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen. Ga wanda aka haɗa wa tumbi da hanji, waɗannan magunguna na iya buɗe gyambo a daidai wurin haɗin. Ciwon gwiwa mu ake kawo wa, mu sauya salon horon, ba kemis ba.

Tsarin horon kansa ba shi da wuya. Tun a asibiti, a ranar aikin ko washegari, ake tayar da mutum ya taka, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma huhu ya buɗe. Makonni huɗu zuwa shida na farko tafiya ce kawai, gajeriya, sau da yawa a yini, babu ɗaukar jarkar ruwa, babu daka, babu goyon jika, don kada hanji ya turo ta wurin ɗinki. In likitan tiyata ya ba da izini sai a shiga aikin tsoka da igiyar roba da ƙananan ƙarafa, ana ƙarawa da kaɗan-kaɗan. Inda aka nufa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne kana haki amma kana iya magana.

Akwai wata Hajiya da 'yarta ta kawo mini, ta haura hamsin, an yi mata aikin a waje. Na ajiye kujera marar hannu a jikin bango na ce, "Hajiya, harɗe hannuwanki a ƙirji, ki tashi ki zauna iya yadda za ki iya cikin daƙiƙa talatin." Ta yunƙura, kujera ta riƙe ta. Ta sake yunƙurawa, sai da ta dafa gwiwa da hannu biyu. Zanin da ke jikinta ya kusa zagaye ta sau biyu don rama, amma cinyar ba ta iya ɗaga abin da ya rage. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ba gudu nake son yi ba. So nake in kai goshina ƙasa in tashi da kaina." Ta daɗe tana salla a kan kujera. Da wannan muka gina horon nata: tashi daga kujera mai tsawo, sannan gajeriya, hawa matakala ɗaya da sauka, jan roba da aka ɗaura a ƙarfen taga, daga baya durƙuso a kan katifa tana dafe da benci. Muka zauna da 'yar a kan abinci, don horo babu furotin wahalar banza ce. Ana so a samu aƙalla giram 60 a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, sai an haɗa da kifi, kaza, wake, awara da kindirmo marar suga, kuma su za a fara ci kafin tuwo ya cinye ɗan wurin da ake da shi. A ƙarshe ta koma salla a ƙasa, sikelinta kuwa bai nuna wani abin mamaki ba.

Dangi ma sai an yi da su. Wasu cewa suke "an yanka ki, ki kwanta ki huta", wasu kuma su ga ramar su tsorata, su shiga ɗura mata kunu mai suga da lemon kwalba, abin da kan jawo faɗuwar gaba, gumi da gudawa ga mai irin wannan ciki. Matar da ba ta son cuɗanya da maza kuwa, akwai mata ma'aikatan fisiyo, kuma yawancin horon ana iya ci gaba da shi a tsakar gida da zarar an koya. Batun azumin shekarar farko, a tambayi likitan da ya yi aikin kafin watan ya kama.

Ko wanda ya makara bai rasa ba. Tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu raguwar nauyi kan tsaya, wasu ma nauyin ya fara dawowa. A Leicester ta Ingila an ɗauki masu wannan mataki aka yi musu horo na mako 12 ƙarƙashin kulawa, tafiyarsu da ƙarfin jikinsu suka inganta.

Akwai alamun da ba sa jiran fisiyo: kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi, numfashi ya sarƙe, zuciya na bugawa da sauri ana zaune, zazzaɓi ko ciwon ciki mai tsanani a makonnin farko. In an ga waɗannan, asibiti za a nufa nan take.

Jama'a, in kuna lissafin kuɗin jirgi da masauki da na tiyata, ku sa na mai kula da motsa jiki a ciki. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya duk suna da sashen gashin ƙashi. Ku je da takardun sallama da ledar magunguna, tun kafin wata uku na farko su wuce.