Tayar da Kwamfuta Daga Nesa ta Hanyar Umarnin Shel

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya tara muryoyin mawaƙa da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami a kwamfutar ofis yakan tsinci kansa tsakanin abu biyu. In ya bar ta a kunne dare da rana, tana shan wuta a banza. In kuma ya kashe ta, ba shi da hanyar isa ga taskarsa sa'ad da yake wani gari. Wannan maƙala za ta dubi fasahar da ake kira Wake-on-LAN, wadda ke ba da damar tayar da kwamfuta ta hanyar sadarwa, da kuma umarnin da ake rubutawa a shel na Linux domin cim ma hakan.

An zaɓi kalmar "tayarwa" a nan maimakon "kunnawa" da gangan. Wanda ke barci ake tayarwa, domin kunnensa bai mutu ba. Haka kwamfutar take: muddin igiyarta na jone da wuta, akwai ɗan lantarki na bolt 5 da ke ci gaba da isa katin sadarwarta, shi kuwa katin yana nan yana sauraro.

2.0 Ƙunshin Siddabaru

Abin da katin ke jira shi ne wani ɗan saƙo da kamfanin AMD, tare da Hewlett-Packard, ya bayyana a shekarar 1995 da sunan Magic Packet, wato ƙunshin siddabaru. Sunan ya fi abin girma. Ƙunshin yana farawa da bayit 6, kowanne FF, sai lambar MAC ta katin da ake nufi, mai bayit 6, a maimaita ta sau 16. Jimla bayit 102 ke nan.

Kwamfutar da ke barci ba ta riƙe da adireshin IP, don haka galibi ba a aika mata saƙo ita kaɗai. Sai a yi yekuwa, kamar yadda sanƙira ke yi a kasuwa: kowa ya ji, amma wanda aka ambaci sunansa shi kaɗai ke amsawa. Galibi ana tura ƙunshin ta UDP zuwa ƙofa ta 9 ko ta 7.

3.0 Umarnin

Kafin komai, sai an buɗe wannan dama a cikin BIOS ko UEFI. Bayan haka, a kan kwamfutar da za a riƙa tayarwa, umarnin `ip link show` zai nuna sunan katin da lambarsa ta MAC. Idan sunan eth0 ne, sai a rubuta:

`sudo ethtool eth0`

Abin lura shi ne layin da ya fara da Wake-on. Harafin d na nufin an rufe, g kuwa na nufin katin zai amsa ƙunshin. Ana sauya shi da:

`sudo ethtool -s eth0 wol g`

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe, domin a kwamfutoci da dama wannan saiti yakan ɓace da zarar an sake kunnawa, sai a ɗora laifin a kan katin alhali lafiyarsa lau. Maganin shi ne a dawwamar da saitin ta NetworkManager ko ta systemd.

Daga wata kwamfutar da ke cikin sadarwa ɗaya, tayarwar layi guda ce:

`wakeonlan -i 192.168.1.255 00:11:22:33:44:55`

Manhajar etherwake ma tana wannan aiki, sai dai tana buƙatar ikon mai gudanarwa. Babu wata amsa da ke dawowa. Da `ping` ake gane ko ta farka.

4.0 Daga Wajen Jami'a

Yekuwa ba ta tsallake katangar gida, domin na'urorin rarraba sadarwa ba su cika barin ta wuce ba. Wasu kan buɗe ƙofa daga intanet kai tsaye, amma wannan dabara ba ta da tabbas: bayan ɗan lokaci na'urar takan manta da lambar MAC ta mai barcin, saƙon ya rasa inda zai dosa. Ga shi kuma ƙunshin ba ya tantance mai aikowa, duk wanda ya san lambar zai iya tayarwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi a kunne, a shige ta da `ssh`, a yi yekuwar daga ciki.

Saura batun ɗauke wuta, wanda bai damu waɗanda suka tsara fasahar ba kamar yadda yake damun jami'o'in Nijeriya da Nijar. Idan lantarki ya yanke gaba ɗaya, wasu kwamfutoci ba sa komawa sauraro bayan an maido shi, sai an danna maɓalli da hannu. Don haka wajibi ne a gwada tun ana kusa: a kashe kwamfutar, a zare igiyar na minti ɗaya, a mayar, sannan a tura ƙunshin. In ba ta tashi ba, sai a saita BIOS ta riƙa kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo, ko a jona ta ga batir.