Gwajin Jiri: Wanne Ya Fi Gano Ciwon Cikin Kunne?

Aikin kunne bai tsaya ga ji kawai ba. A can cikinsa akwai bututu uku masu ruwa da ke taimaka wa mutum ya tsaya daidai. In suka samu matsala, sai jiri ya kama shi. Ga hanyoyi uku da likitoci ke bi:

1. Gwajin Romberg: majiyyaci zai haɗa ƙafafu ya rufe ido. In ya yi tangaɗi, akwai matsala. Ba ya buƙatar na'ura, amma ba ya nuna kunnen da ya kamu.

2. Gwajin ruwa na Robert Bárány, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1914: ana zuba ruwa mai zafin digiri 30, sannan 44, ana lura da rawar ido. Yana bambanta kunnen dama da na hagu, sai dai yana sa tashin zuciya.

3. Gwajin Dix-Hallpike na 1952: a juya kan majiyyaci, a kwantar da shi da sauri. Shi ke gano jirin da ke tasowa in an juya a gado.

Bayanin majiyyaci ne ke sa likita ya zaɓi gwaji. Don haka wajibi ne tafinta ya tantance: ɗaki ne ke juyawa, ko duhu yake gani kamar zai suma?